Hannun Piper da Idon Prue: Yadda Sihiri Ya Girma a Gidan Halliwell

Bayan rasuwar Shannen Doherty a ranar 13 ga Yulin 2024, tana da shekara 53, na ɗaura niyyar sake kallon Charmed, shirin talabijin ɗin da ta fito a cikinsa a matsayin Prue, tun daga kashin farko, kuma da yake ba gajeren aiki ba ne, sai da na shafe watanni kafin na kai ƙarshensa. Shiri ne mai zango takwas da kashi 178, wanda tashar WB ta Amurka ta fara nunawa ranar 7 ga Oktoban 1998, ta kuma rufe shi a watan Mayun 2006. Constance M. Burge ce ta ƙirƙire shi, kamfanin Aaron Spelling ya ɗauki nauyinsa. A kallon da na yi masa a shekarun baya, shaiɗanun da ake kashewa da soyayyar da ake ƙullawa su ne suka ɗauke mini hankali. A wannan karon kuwa idona yana kan abu guda, wato yadda ƙarfin sihirin kowace ɗaya daga cikin 'yan'uwan nan yake tsirowa daga halinta, da kuma lokacin da marubutan suka saki wannan zare.

Ga wanda bai san labarin ba, 'yan'uwa mata ne uku, Prue da Piper da Phoebe Halliwell, waɗanda suka sake haɗuwa a tsohon gidan kakarsu da ke San Francisco wata shida bayan mutuwarta. Phoebe, autarsu, ta hau ɗakin ajiya na can saman bene ta tarar da wani tsohon kundi cikin akwati, wanda ake kira Littafin Inuwoyi, ta karanta ɗalasimin da ke shafinsa na farko ba tare da ta san nauyin abin da take furtawa ba. Da wannan karatu ne sihirin da kakarsu ta ɗaure tun suna yara ya kwance. Ina guje wa kiran su mayu, domin mayya a kunnen mai jin Hausa mai kama kurwar mutane ce, su kuwa waɗannan aikinsu kare bayin Allah daga masu cutar da su. Masu sihiri ya fi dacewa da su. Asalin gadon daga wata kakar kakanninsu ne mai suna Melinda Warren, wadda labarin ya ce an ƙone ta a garin Salem, kuma kafin ta mutu ta yi alkawarin cewa zuriyarta za ta yi ta ƙara ƙarfi har a kai ga 'yan'uwa mata uku da ba a taɓa ganin irinsu ba. A tarihi na haƙiƙa dai ba a ƙone kowa ba a shari'o'in Salem na 1692: mutum goma sha tara aka rataye, aka danne wani dattijo da duwatsu har ya mutu. Marubutan sun zaɓi wuta ne saboda ta fi igiya ɗaukar ido.

Melinda tana da baiwa uku, sai aka raba wa jikokin nata ɗaya-ɗaya, kuma rabon bai zo da ka ba. Prue, babbarsu, ita ce ta ɗauki ɗawainiyar ƙannenta tun bayan da mahaifiyarsu ta nutse a ruwa mahaifinsu kuma ya bar gida, saboda haka ta tashi mace mai son komai ya tafi yadda ta tsara, mai haɗiye fushi. Ita aka ba ikon motsa abubuwa da tunani, kuma fushi ne kunamar da ke tayar da shi. Akwai wani wuri a kashin farko da nake ganin ya isa misali. Suna cikin kantin magani, kan Prue yana ciwo tana neman ƙwayar asfirin, tana kuma musanta cewa wani abu ya same ta. Phoebe ta lura cewa abubuwa suna motsi ne idan ran yayarta ya ɓaci, sai ta ambaci sunan Roger, tsohon saurayin da Prue ta fasa aure da shi, nan take kwalabe suka faɗo daga inda aka jera su. Da ta ga haka sai ta shiga maimaita kalmar baba, ba ƙaƙƙautawa, har kayan da ke jere a layin gaba ɗaya suka watso ƙasa. A cikin abin da bai kai minti biyu ba, mai kallo ya san yadda sihirin yake aiki, ya san inda ciwon Prue yake, ya kuma san cewa ƙanwarta ta san wurin sarai kuma ba ta jin nauyin taɓa shi.

Da farko ta ido Prue take fitar da ƙarfinta, sai ta ƙanƙance idanu ta kafe abu da kallo kafin ya motsa. Kusa da ƙarshen zangon farko ya koma hannu, ya kuma ƙara nauyi, har ta kai tana wurgi da ƙato kamar tsumma. A zango na biyu sai ga baiwa ta biyu: jikinta ya sulale kamar mai barci, wata ita ta bayyana a wani wuri dabam. Abin ya fara ne ranar da ake nemanta a wurin aiki, a kamfanin gwanjon kayan tarihi na Buckland, ake kuma nemanta a gida, ta ji dole sai ta kasance a wuri biyu a lokaci guda. Macen da ta ɗora wa kanta kayan kowa, wace baiwa za ta zo mata in ba wannan ba? Wannan shi ne abin da nake nufi da zare. Ba a zauna an ce a ba ta wani sabon makami don a burge masu kallo ba. An duba inda rayuwarta ta matse ta, aka fitar da sihirin daga nan.

Amma a ganina Piper ce aka fi rubutawa da kyau, kuma ita ce dalilin da ya sa shirin ya tsaya da ƙafarsa har shekara takwas. Holly Marie Combs ce ta fito a matsayinta. Piper ta tsakiya ce, mai dafa abinci, mai fargaba, wadda rayuwarta ta ƙare a sasanta yayarta da ƙanwarta. Baiwarta ita ce daskarar da abu ya tsaya cak, kuma tsoro ne yake kunna ta. Ranar da abin ya fara, tana gwajin neman aiki ne a wani ɗakin girki, lokaci ya cika ba ta gama haɗa miyarta ba, shugaban masu girkin ya ɗebo zai kai baki, ita kuwa ta ɗaga hannu biyu cikin firgici tana son ta hana shi. Mutumin ya sandare da cokali a hannu. Ta yi ta kaɗa masa hannu a fuska, da ta ga ba ya ko ƙiftawa sai ta yi wuf ta zuba abin da ya rage a kan lomar, ya farfaɗo ya ɗanɗana ya yaba. Duk wanda ya taɓa fatan duniya ta dakata masa na daƙiƙa goma ya san daga inda wannan sihiri ya fito.

An kuma yi masa iyakoki, waɗanda su ne suka sa ya yi daɗin kallo. A farkon lamari ba ya wuce ɗakin da take ciki, ba ya daɗewa, kuma ba ya kama masu sihiri na kirki, don haka ba ta da halin daskarar da 'yan'uwanta idan gardama ta yi zafi, ko da yake na tabbata ta sha yin fatan haka. Sannu a hankali ta koyi zaɓen wanda za ta tsayar da wanda za ta bari, har ta kai tana sakin kan shaiɗani kaɗai ta yi masa tambayoyi alhali sauran jikinsa yana daskare. Sai kusa da ƙarshen zango na uku abin ya juye mata: ta ɗaga hannu za ta tsayar da abu, sai abin ya tarwatse. Leo, mijinta, ya yi mata bayanin da nake ganin ya fi kowane bayani a shirin ma'ana, cewa dama can ba lokaci take tsayarwa ba, ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka yi abu take rage wa gudu har su tsaya, yanzu kuwa ta fara ƙara musu gudu har su fashe. Baiwa ɗaya ce mai fuska biyu. Piper ba ta yi murna ba ko kaɗan, sai ma ta shiga tsoron hannuwanta, tana gudun kada ta nufi ɗan'adam da niyyar tsayarwa ta hallaka shi.

Kashi biyu bayan haka aka kashe Prue. Wani shaiɗani mai suna Shax ne ya yi ajalinta a kashin ƙarshe na zangon, wanda Shannen Doherty da kanta ta ba da umarninsa. Abin da ya faru a bayan fage sananne ne: an daɗe ana maganar rashin jituwa tsakanin Doherty da Alyssa Milano, wadda ta fito a matsayin Phoebe, kuma a ƙarshen 2023 Doherty ta fito ta ce korar ta aka yi, Milano kuma ta musanta cewa tana da ikon sa a kori wani. Ba ni da abin da zan ƙara a kan wannan. Abin da ya dame ni shi ne abin da mutuwar ta yi wa labarin, kuma a nan dole a yaba wa marubutan, ko da kuwa sa'a ce ta taimake su. Macen da ta saba ɓuya a bayan yayarta ta wayi gari ita ce babba, a daidai lokacin da hannunta ya koma makami. A kashi na uku na zango na huɗu, fushin da Piper take dannewa ya rikiɗar da ita ta zama wata muguwar halitta mai ramuwar gayya, kuma ba a samu kanta ba sai da aka kai ta gaban kabarin Prue, inda ta shiga dukan allon kabarin tana kuka tana tuhumar yayarta da tafiya ta bar ta. Ashe ba shaiɗanin da ya yi kisan take jin haushi ba, mamaciyar take jin haushi. Ban san wani wuri a cikin kashi 178 da ya kai wannan gaskiya ba. Daga ranar Piper ta zama wata mace dabam, mai kaifin harshe, mai gajeren haƙuri, wadda take tarwatsa shaiɗani da hannu ɗaya tana riƙe da kwandon wanki da ɗayan.

Paige Matthews, wadda Rose McGowan ta fito a matsayinta, ita aka kawo don a cike gurbin, tun da ƙarfin nasu ba ya cika sai su uku. An ce 'yar mahaifiyarsu ce da ta haifa a ɓoye tare da majiɓincinta, Sam. Majiɓinta a shirin mutanen kirki ne da suka mutu aka dawo da su don su kula da masu sihiri, kamar Leo, wanda ma'aikacin jinya ne na soja da aka kashe a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma a lokacin an haramta musu soyayya da waɗanda suke kula da su. Saboda haka aka kai jaririyar coci, wasu suka ɗauke ta suka raine ta. Dabarar da aka yi a nan ta burge ni. Alkawarin Melinda ya ce dole a samu mai motsa abubuwa, amma da an ba Paige irin ikon Prue sak, da masu kallo sun ƙi ta a matsayin kwaikwayo. Sai aka gauraya shi da jinin mahaifinta: ita sai ta kira sunan abu da baki, ya narke cikin ƙyalƙyalin haske ya bayyana a tafin hannunta. Kyandir ne abu na farko da ta kira. Wannan ya zo da rauninsa, domin idan aka toshe mata baki ko ta rasa sunan abin, to ta shiga uku. Haka kuma an nuna cewa tun tana budurwa ta taɓa ɓacewa daga cikin mota ba da saninta ba, a hatsarin da ya kashe iyayen riƙonta, ta rayu tana ɗauke da tambayar dalilin da ya sa ita kaɗai ta tsira. Ikon warkarwa kuwa bai zo mata da kanta ba sai a zango na takwas, lokacin da aka harbi Henry, mutumin da ta aura daga baya. Jinkirin ya yi daidai, tun da an riga an kafa tun zangon farko cewa ƙauna ce take kunna wannan baiwa.

Phoebe ce aka zalunta. Baiwarta ta farko hangen abin da zai faru ce, ko abin da ya riga ya wuce, idan ta taɓa wani abu, kuma ba ta da iko a kan lokacin da zai zo mata. Ta daɗe tana ƙorafin cewa ita kaɗai ce ba ta da abin faɗa, har ta shiga koyon dambe da shuri don ta rufe giɓin, wanda hakan ya ƙara mata daraja a idona, domin ita ce kuma ta fi su iya tsara ɗalasimi. A farkon zango na uku ta fara tashi sama, kuma ko da yake an yi amfani da shi wajen faɗa, ban taɓa gane alaƙarsa da hangen nesa ba. A zango na shida aka ba ta ikon jin abin da ke zuciyar mutane, wanda ya dace ƙwarai da mace mai rubuta shafin ba da shawara a jarida, ya kuma haifar da raha, tun da 'yan'uwanta sun koma shan haɗin magani don su toshe ta daga leƙa zukatansu. Amma kafin zangon ya ƙare sai wata kotun sihiri ta ƙwace mata baiwowin duka, bisa laifin amfani da hangenta don biyan buƙatar kanta. Hangen ya dawo a zango na bakwai, sauran biyun kuwa ba a sake ganinsu ba har aka rufe shirin. Mace ce da ta auri Cole, rabin mutum rabin shaiɗani, wanda marigayi Julian McMahon ya fito a matsayinsa, ta bi shi har ta zama sarauniyar duniyar shaiɗanu, sannan ta haɗa baki da 'yan'uwanta suka hallaka shi tana kuka. Wadda ta ratsa wannan wuta ta cancanci sihirinta ya nuna tabon, amma aka bar ta tana bin alamun mijin da za ta aura daga zango zuwa zango.

Dokar da aka hukunta ta da ita tsohuwa ce a shirin: ba a amfani da sihiri don amfanin kai, ba a kuma hukunta mai laifi da shi, kare marar laifi kawai aka yarda. Kashi na biyu na zango na biyu shi ne ya fi bayyana dalilin dokar. Wani maƙwabci ne yake barin karensa yana ɓata musu ƙofar gida, sai suka yi amfani da ƙarfinsu suka rama, abin dariya, ba wanda ya ji ciwo. Daga nan aka kai su shekara ta 2009, suka tarar ana shirin ƙone Phoebe a bainar jama'a saboda ta kashe wani ɗan wasa da ya kashe wanda take ƙauna ya kuma kuɓuce wa shari'a. Prue ta wancan zamani ta yi ƙarfin da kaɗa hannu ɗaya ya rusa bangon ɗakin saman bene, amma ba ta da kowa sai aiki. Auren Piper ya mutu. Da aka dawo da su, sai suka tarar da kansu a daidai lokacin da karen yake tsugune, aka ba su damar su sauke hannu. Abin da ya fi tsaya mini shi ne cewa a wannan kashi ƙaruwar ƙarfi abin tsoro ce, ba abin tafi ba.

Wannan tsoro ne ya ɓace a rabin shirin na biyu. Bayan Burge ta bar jagorancin rubutun Brad Kern ya ci gaba shi kaɗai, kuma daga zango na biyar salon ya sauya: yau Phoebe ta zama 'yar ruwa mai jelar kifi, gobe su ukun sun zama allolin Girka, jibi an buɗe makarantar sihiri. Aka haifi Wyatt, ɗan Piper, wanda tun yana ciki yake kare uwarsa da garkuwar haske, kuma kafin ya iya magana ya fito da dodo mai fuka-fuki daga cikin talabijin ya sake shi a kan birnin. Idan jariri yana iya wannan, me ya rage wa uwarsa da ƙannenta su ji tsoro? Shaiɗanun da a da sai an bincika littafi, an haɗa magani, an riƙe hannun juna an karanta ɗalasimi tare kafin a ga bayansu, sun koma ana kashe su biyar-biyar kafin a sha shayin safe. Kowacce ta ishi kanta, saboda haka dalilin zama uku ya raunana, alhali shi ne ginshiƙin labarin tun daga hoton da ke kan tebur a kashin farko, wanda su ukun suke tsaye nesa da juna, sihiri ya matso da su. A zango na takwas kuma aka rage kuɗin shirin, har aka daskarar da Leo aka ajiye shi gefe na kashi da dama, aka kuma kawo wata sabuwar yarinya, Billie, wadda Kaley Cuoco ta fito a matsayinta, aka ba ta ikon mayar da tunaninta gaskiya. Ba laifin 'yar wasan ba ne, amma baiwar da za ta iya komai ba ta gaya wa mai kallo komai game da mai ita.

An sake yin shirin a 2018 a tashar CW da wasu 'yan'uwa dabam, ya yi zango huɗu. Na kalli kaɗan na bari, don haka ba zan yanke masa hukunci ba.

Duk da ƙorafina, kashin ƙarshe na asalin shirin ya same ni a inda ban zata ba. Bayan an gama yaƙi, su ukun suka zauna suka rubuta labarinsu a cikin Littafin Inuwoyi don na baya, aka nuna Piper ta tsufa, furfura ta rufe kai, tana karanta wa jikarta. Ta tashi ta kama hannun Leo suka hau bene, suna wuce hotunan zuriyar da ke jere a bango. Babu fuskar Shannen Doherty a cikinsu, kamar yadda ba a sake nuna ta ba tun bayan zango na uku, kuma a kallon nan na bayan rasuwarta giɓin ya fi yi mini zafi fiye da da. A ƙarshen kashin farko na 1998, Prue ce ta shigo gida ta ƙarshe, ta juyo ta dubi ƙofar, ƙofar ta rufe kanta. A 2006 ƙaramar jikar Piper ce ta tsaya a wannan zaure, ta ɗaga hannu, ƙofar ta rufe.